Mutuwar Baffa Saje ta Biyu

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, wannan babu mai ja. Amma mu a gidanmu na Dudunni mun taɓa ganin wanda aka ce ya koma, aka yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, aka raba gadonsa, sannan ya dawo da jaka a kafaɗa yana tambayar me aka dafa. Shi ya sa da Allah ya karɓi ran Baffa Saje a ƙarshen daminar da ta wuce, tsofaffin da suka zo gaisuwa ba su fara da "ya haƙuri" ba. Sai mutum ya tuɓe takalmi, ya zauna, ya matso kusa da kunnen mahaifina ya ce, "Wannan karon dai an duba da kyau?"

An duba da kyau. A asibiti ya cika a Kankia, likita ya gani, mahaifina ya gani, ni ma na gani.

Baffa yayan mahaifina ne. Allah bai ba su haihuwa ba shi da matarsa, wadda muke kira Inna, don haka tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakinsu. Su suka raine ni, su suka aurar da ni, ko yau aka ce in nuna iyayena ɗakin nan zan fara nunawa. Na faɗi haka ne don a san ba a bakin 'yan gulma na tsinci abin da zan faɗa ba. Ina tsaye a wurin.

Da aka gama yi masa wanka aka sa shi a likkafani, sai aka yi abin da aka saba yi a wajenmu. Aka ce a kira matarsa ta zo ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa, kafin maza su fita da shi. Ni aka aika. Na same ta zaune a bakin gado da carbi a hannu, idonta a bushe ƙamas.

Na ce, "Inna, ki taso ki yi mashi addu'a, ki yahe mashi, za a hita da shi."

Ta ce, "Addu'a na yi, ina kan yi. Allah shi jiƙan shi, shi haskaka kabarin shi. Amma yahiya, a dakata."

"A dakata? Inna, makara na ƙohwar ɗaki!"

"Na ce a dakata. Ni munka zamna da mutumin nan, ba ku ba."

Ɗakin cike yake da mata. Wata ta saki salati, wata ta saki buta, wata tsohuwa mai ciwon kunne ta yi ta zungurin ta kusa da ita tana tambayar me aka ce. Mahaifina ya zo bakin ƙofa ya roƙe ta, liman ya aiko, Inna ta ce ta ji, ta kuma gode. Rana tana yi, ba a barin gawa tana jiran rigimar tsohuwa, haka aka ɗauki Baffa aka kai shi makwancinsa ba tare da kalmar nan ba. Kafin magariba labari ya kai Kusada, kafin gari ya waye ya kai Kankia ya dawo da ƙari. Wasu suka ce duka yake yi mata a ɓoye. Wasu suka ce yana da iyali a kudu tun zamanin yaƙi. Duk wanda ya san gidanmu dariya ya yi, don ya san in akwai wanda ya taɓa dukan wani a ɗakin nan, to ba Baffa ba ne.

Dalilin Inna ya girmi yawancin masu surutun. Tana amarya, lallen ƙafarta bai gama gogewa ba, Baffa ya ɗora wake a jaki zai kai kasuwar Kankia, ta ba shi saƙon tukunyar miya. Lokacin yaƙin basasa ne. A bakin kasuwa ya tarar da motar ɗaukar soja, samari sun yi layi. A faɗarsa tambaya kawai ya je yi. Wani mai kaki ya dube shi sama da ƙasa, ya ga tsawo ya ga ƙirji, ya ce hau. Jakin, da yake ya fi mai shi hankali, ya kamo hanya ya dawo Dudunni shi kaɗai.

Can a fagen daga ya yi ta hawa har ya zama saje. Abin da ya faru ranar da ya mutu mutuwarsa ta farko ba a bakinsa muka ji ba, don bai cika son zancen ba. A bakin abokinsa muka ji, wani mutumin Yashe da kowa ke kira Kofur, wanda suke rukuni ɗaya. An rutsa su a bakin wani kogi, gada ta karye, wuta ta ko'ina, masu lafiya sun tsallaka sun bar masu rauni a kwance. Baffa ya koma. Ya goya mutum ya ratsa ruwa har wuya ya ajiye shi, ya sake komawa. Haka ya yi ta yi. Kofur, da harsashi ya farfasa masa gwiwa, yana cikin waɗanda aka goyo. A komawar ƙarshe ruwa ya ja Baffa, Kofur ya ga hularsa tana tafiya a kan kogi, mai hular babu shi.

Abin da ya kamata a sani shi ne Baffa bai iya iyo ba. Mutumin Dudunni ne, ruwan da ya sani shi ne na kududdufin bayan gari, wanda ko da tsakiyar damina iyakarsa cinya. Duk lokacin da wani ya kira shi jarumi sai ya girgiza kai ya ce, "Ba jarumtaka ba ce. Zurhin shi ne ban sani ba."

Aka sallami Kofur saboda ƙafarsa, ya zo da sanda har gida ya rantse da abin da ya gani. Bayansa wani hafsa ya zo da mota ya miƙa wa kakanmu lambar yabo ta jarumtaka, ya sara masa, ya tafi. Aka shimfiɗa tabarmi aka yi zaman makoki. Da yake babu gawar da za a tsaya a kanta, limamin wancan lokaci ya tsaya a bakin zaure ya ce a tambayi matar mamaci ko akwai abin da ta riƙe shi da shi. Inna tana yarinya, kuka ya ci ƙarfinta, ta ɗaga murya har mazan da ke waje suka ji.

"Na yahe mashi duniya da lahira, wanda na sani da wanda ban sani ba!"

Ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma, ba ta rage komai ba. Kakanmu ya bar wa mahaifina kasonsa, mahaifina ya gaji keke da gonar fadama. Kofur kuwa, saboda tsabar amana, ya ce ba zai iya zuba ido matar wanda ya goya shi ta tagayyara ba. Ranar fitar takaba ya tattaro dattawan Yashe da kwandon goro suka zo neman aure.

Suna zaure an buɗe goro ana yaba farinsa, sai aka yi sallama. Kakanmu ya amsa bai ɗaga kai ba. Da ya ɗaga, ga Baffa tsaye, ya rame ya yi baƙi, jaka a kafaɗa. Wani dattijon Yashe ya bi ta kan danga ya bar rawaninsa a jikin ƙaya. Liman ya fita yana karatu yana gudu, ba a san wanne ya fi sauri ba. Kofur mai ƙafa ɗaya da rabi a kan rumbu aka same shi daga baya, har yau ba a san yadda ya hau ba, don sai da aka kawo tsani aka sauko da shi.

Cikin gida mata suka watse. Inna ce kaɗai ta rage, ba don ƙarfin hali ba, an ɗaure mata ƙafafu da lalle ne, hannunta kuma yana cikin zunguru. Baffa ya tsaya a gabanta ya ce, "Ban samo tukunyar ba." Ta ɗaga zungurun nan ta kwaɗa masa a goshi, ya tarwatse. Nan take ƙulu ya taso. Kakarmu, da ke leƙe ta bayan turmi, ta ƙwala kira, "Ku dawo, mutum ne! Hwatalwa ba ta ƙulu!"

Ashe ruwan ya kai shi can ƙasa ne ya yar, wata tsohuwa mai kamun kifi ta tsince shi, ta ɓoye shi a bukkarta ta yi ta jinya. Daga cikin mutanen da aka tura su yaƙa take. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, barkono kawai take ɗura masa har ya miƙe. Iyakar abin da ya taɓa faɗa mana ke nan. Ranar dai ya zauna a zaure da ƙulunsa ya ci goron Kofur, sauran ya sa aka kai ɗaka.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban taɓa jin Baffa ya zagi waɗanda suka harbe shi ba, amma Kofur bai huta ba har tsufa. In ya hango shi tafe da sandarsa sai ya ce, "Ango ya iso, a kawo tabarma." Duk da haka ba a raba su. Kowace ranar kasuwa tare suke, Baffa ya goya shi a keke yana mita, wai tun a kogi yake ɗaukar wannan kaya har yau ba a sauke masa ba. Keken kuwa shi ne wanda mahaifina ya gada, ya mayar bayan ya sa masa sabuwar taya da kuɗinsa. Gonar fadama suka noma tare, Baffa yana kiransa Magaji.

Mutum kaɗan ne ke samun damar sanin wanda ya zo ta'aziyyarsa. Baffa ya samu, bai kuma yi wasa da ita ba. Ya zaunar da kakarmu ta lissafa masa wanda ya zo, da wanda ya yi kuka, da wanda ya zo don gumba. Akwai wani maƙwabcinmu da bai zo ba saboda yana cirar gyaɗa. Daga ranar har mutumin ya bar duniya, da rani da damina, Baffa bai taɓa yi masa wata gaisuwa ba sai "Ya gyaɗa?" Amma da mutumin ya rasu, Baffa ne ya fara shiga kabari ya karɓe shi. Daga garin Boko har Kusada ba a yin jana'iza ba shi. Ya kan ce shi ya san daɗin a zo wa mutum.

Sai dai babbar ganimar da ya dawo ya tarar ita ce yafiyar Inna. Da aka ba shi labarin abin da ta faɗa a gaban liman, ya sa aka maimaita masa, ya yi murmushi, ya adana. Tun ina ƙarama nake ganin yadda yake aiki da ita. Baffa mutum ne da ba ya iya ganin baƙo a tasha ya wuce. Sai ya kwaso mutanen da mota ta lalace musu, ya shigo da su ba sanarwa, ya sa a kama zakaran Inna wanda take tattali don salla. Ko ya ba da tabarmarta sabuwa aro, ba ta dawowa. Ko ya bar ƙofa a buɗe awaki su cinye kuɓewar da ta shanya. In ta taso masa, sai ya miƙe ya ƙame, ya haɗa dugadugai, ya sara mata. Kwamanda yake kiranta.

"Kwamanda, wannan shina cikin wanda anka yahe."

"Wa ya yahe?"

"Ke. Gaban liman, gaban jama'a. Duniya da lahira kinka ce. To, nan duniya ce."

"Na yahe na baya, ban yahe na gaba ba!"

"A'a, kin ce har da wanda zai yi. A tambayi Kohur."

Shaidar Kofur kuwa kwano take bi. Ranar da Inna ta zuba masa fura mai kauri, bai ji ta faɗi haka ba. Ranar da Baffa ya saya masa tsire a Kankia, da kunnensa ya ji. Haka suka yi shekara hamsin da ɗoriya suna shari'ar nan ba a yanke ba. Inna ta kan yi ta faɗa har ta gaji, ta juya baya tana gyaran murhu, ni da ke zaune a gefe ina ganin kafaɗarta tana rawa don dariya.

Lambar yabon bai taɓa rataya ta ba. Ya ce ta mamaci ce, shi ajiya aka ba shi. Amma ba ta kwanta a akwati ba. Duk wanda tsoro ya kama a unguwarmu, ita ake aro masa: yaron da za a yi wa kaciya, ɗalibar da za ta shiga jarrabawa, tsohon da za a yi wa aikin ido. Ranar haihuwata ta fari naƙuda ta yi tsanani, ina kiran sunan duk wanda na sani, sai ga Inna ta shigo ta danƙa mini ita a hannu. Ta ce Baffanki ya ce ki riƙe, wai kada ki tambayi zurfin, ki shiga kawai. Na riƙe har ta yi mini shaida a tafin hannu. Shi kuwa mai lambar, in aka ce masu rigakafi sun shigo gari, sai gona ta kira shi da gaggawa. Mutumin da ya ratsa kogi ana harbi bai iya kallon allura.

Akwai wata 'yar kudu mai sayar da manja a kasuwar Kankia, ba ta kai shi shekaru ba ma. Duk kaka, waken farko da aka sussuka ita yake kai wa. Ya durƙusa a gaban rumfarta ya gaishe ta, yana kiranta uwata, matar nan tana jin kunya tana cewa ya tashi. Na taɓa tambayarsa me ya haɗa su. Ya ce, "Waccan ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. Wagga na samu." Ranar ta'aziyyarsa matar ta zo da lulluɓi, ta fi wasu dangi kuka.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Muka kai shi asibiti, ni da Inna muke jinya. Duk sanda aka zo da allura sai ya runtse ido ya damƙi bakin zanen Inna, ita kuma tana cewa ma'aikaciyar, "Yi a hankali ɗiyata, jarumi ne." Ranar da zai cika da hantsi ya ɗan ji sauƙi, ya sha kunu, ya dube ta.

"Kwamanda, waccan yahiyar tana nan?"

"Ta ƙare. Ka cinye ta tas, har da bashi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To, a sabunta."

Ta gyara masa mayafi ta ce, "Ba a nan ba. Ka tashi ka dawo gida da ƙahwarka, sai mu yi magana."

Ya ce to. Ta fita alwalar azahar, kafin ta dawo ya tafi. Wannan ne masu surutun Kusada da Kankia ba su sani ba, ni kuma ban faɗa wa kowa ba a lokacin, don ban san ta ina zan fara ba.

Takaba kam ta shiga, ta ce wannan umarnin Allah ne, ba ta wasa da shi. Ta ajiye kwalli da turare, ta zauna a ɗaka. Amma ba ta yi kuka ba, ba ta furta yafiya ba, ta kuma kulle ɗakin Baffa ta ɗaure makullin a bakin zane, ta ce kada wanda ya taɓa masa kaya. Mahaifina bai ja ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake, shi kuma ya san zafin mayar da gado.

Liman ya zo da kansa. Ɗan wancan limamin ne da ya yi gudu. Ya zauna daga bakin ƙofa ya kawo aya ya kawo hadisi a kan falalar yafiya, da murya mai taushi. Inna ta saurara har ya gama, ta ce, "Allah shi saka, Malam. Ubanka ma haka ya ce mani, na biye mashi. Ka san zakara nawa na yi hasara?" Liman ya ce bai sani ba. Ta ce ita ma ta daina ƙirga.

Kofur ya zo a bayan babur ɗin jikansa, ya tsufa tukuf, da ƙyar aka sauko da shi. Ya ce, "Wallahi wannan karon da hannuna na zuba mashi ƙasa."

Ta ce, "Wancan karon ma wallahi ka ce."

"Wancan hula na gani. Wannan shi na gani."

"To na ji. In dai goro ka kawo, koma da abinka."

Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya, har Kofur ya yi, yana share ido da hannun riga. Haka zaman ya kasance, kowa ya zo lallashi ya fita da dariya, a ce kai, tsohuwar nan da rigima take. Ni ma ina dariyar tare da su, amma raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji. Ni ke kai mata abinci, ni ke ɗauko kwanon kamar yadda na kai shi. Zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Babu abin da nake gudu irin a wayi gari ita ma ta bi shi da kalmar nan a bakinta ba ta faɗa ba, mutanen da suka yi zaman da ban taɓa ganin irinsa ba su rabu a kan "a dakata". Na roƙe ta, na yi fushi, na yi mata kuka. Ta ce in share hawayena in je in duba tukunya.

Ranar fitar takaba ta riga kowa tashi. Ta yi wanka, aka yi mata kitso, ta sa kwalli, ta ɗaura sabuwar atamfar da na kawo mata. Mata suka cika gida, aka yi waina aka raba sadaka. Ta hana kowa taɓa tukunyar tuwo, ita ta tuƙa da kanta, ta kaɗa miyar kuka da daddawa mai yawa, ta zuba malmala biyu a kwano ta rufe da faifai. Sannan ta ce a fitar mata da kujera ƙofar gida.

Mata suka dubi juna. Kowa ya gane, don a irin wannan rana ce ya dawo wancan karon. Wata ta ce, "Inna, a kawo maki tabarmar baƙo?" Aka yi dariya, ita ma ta murmusa. Ta zauna tana fuskantar hanyar da ke zuwa daga Kankia.

Duk babur ɗin da ya ɓullo sai ta ɗaga kai. Mai kai buhun taki ya wuce. Wasu 'yan makaranta suka wuce. Wani dogon mutum ya taho a ƙasa da jaka a kafaɗa, na ga ta dafa kujera za ta miƙe, da ya matso ashe mai gyaran waya ne. Ta koma ta zauna. Aka yi la'asar, ta yi sallarta a zaure ta dawo. Dariyar mata ta yi ta raguwa har ta ɗauke, masu nisa suka fara sallama a hankali suna tafiya. Na kawo tabarma na zauna kusa da ƙafarta.

Rana ta faɗa bayan rumbuna, shanu suka shigo gari, ladan ya gyara murya. Inna ta daɗe tana kallon hanyar, sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Bai taɓa kai magariba a waje ba. Ko ina ya tahi, shina gida kahin a kira."

Aka kira salla. Da aka idar ta ce in kira mata liman da mahaifina da Kofur, wanda ya yini a zaure bai tafi ba. Suka zo suka tsaya, ita tana zaune, hannayenta a kan gwiwa.

Ta ce, "Kun ce ina da rigima. Ni ba ni riƙe da shi da komai, ko ƙwayar gero. Na riƙe ne ko zai zo karɓa." Ta dube su. "Ku shaida, na yahe mashi. Malam, in akwai yadda ake yi, a roƙa mani shi ma ya yahe mani. Ya tambaye ni da bakin shi, na ce sai ya dawo."

Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa. Inna ta kwance makullin ɗakin daga bakin zane ta miƙa wa mahaifina, sannan ta kifa kanta a kafaɗata ta fashe da kuka, irin kukan da ake jin sa har ƙarshen unguwa. Matan da suka tafi suka riƙa dawowa da mayafai a hannu. Sai a ranar aka yi makokin Baffa a gidanmu.

Allah ya jiƙan Baffa Saje, ya tsallakar da shi kamar yadda ya tsallakar da bayinsa, ya ba Inna haƙurin da ya rage. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, a yafe mana tun muna ji.